An cire ciwon, me ya sa zan ci gaba da shan wahalar magani?

Salamu alaikum Hajiya. Ni tela ne, shekarata 47, ina da mata da 'ya'ya shida. Na fi shekara ina ganin jini a bayan gida, ina ta shan maganin basir ban gaya wa kowa ba. Wata huɗu da suka wuce cikina ya toshe, aka kai ni asibiti da tsakar dare aka yi mini tiyata. Likita ya ce ciwon daji ne a babban hanji, mataki na uku. Sun yanke wurin, sun fito da bakin hanjin ta gefen hagu na cikina, yanzu a jaka nake bayan gida. Sun ce in na gama magani za a duba yiwuwar mayar da shi.

An rubuta mini kemo, wato maganin yaƙar ciwon daji, zagaye takwas, ƙarin ruwa duk bayan sati uku da ƙwayoyin da nake sha a gida. Na yi uku. Hajiya, maganin nan ya fi ciwon wahala. Yatsuna sun fara mutuwa, allura ma faɗuwa take daga hannuna. Ruwan sanyi in na taɓa kamar lantarki ya ja ni. Ban gaya wa likita ba, saboda layi yana da tsawo kuma ina jin nauyinsa. Tun da aka sallame ni ban taka masallaci ba, ina tsoron wari da ƙarar jakar, kuma ban sani ba ko sallata tana karɓuwa. Na ƙaura daga ɗakin matata. Yayyena sun ce tun da an cire ciwon in bar maganin Bature, sun kawo mini sassaƙe. Na riga na sayar da keke ɗaya. Zuciyata ta karkata ga in daina. Ki ba ni shawara don Allah.

Wani bawan Allah, daga Katsina

*

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da jiki, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa wannan wahala ta zama kankarar zunubi.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa: "ban gaya wa kowa ba", sai kuma "ban gaya wa likita ba". Shekara guda ka yi kana ganin jini kana shiru, har hanji ya toshe. Ba zargin ka nake ba, ƙanina. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu tiyata, na san yadda bakin namiji Bahaushe yake nauyi idan magana ta zo kan bayan gida, kuma kusan duk wanda na gani da wannan ciwo da sunan basir ko atini ya fara jinyarsa. Amma ina so ka lura, kunyar da ta ci maka shekara guda ita ce yanzu ta dawo tana neman ta raba ka da maganinka. Yawancin abin da ka lissafa mini yana da gyara, in dai ka buɗe baki ka faɗa wa wanda gyaran yake hannunsa.

Amsata a taƙaice: kada ka daina da kanka, a gida, cikin shiru. Ka je ka zauna gaban likitanka ka gaya masa duk abin da ka gaya mini, har da cewa kana tunanin dainawa.

Bari in fara da tambayar da yayyenka suka sa maka a rai, don tambaya ce mai ma'ana. Mataki na uku yana nufin ciwon ya kai ga kaluluwar da ke kusa da hanjin, amma ba a gan shi a hanta ko huhu ba. Likitan tiyata ya cire abin da ido ke gani. Ka san ƙuduji a gonar dawa? Kana iya tuge shi tas, gona ta yi fes, amma irinsa ƙanana ne kamar ƙura, suna nan kwance a ƙasa suna jiran damina. Haka ƙwayoyin wannan ciwo suke. Kemon da ake yi bayan tiyata, irin nan da ba a gani yake bi. Idan aka ɗauki mutum ɗari masu ciwon babban hanji a mataki na uku, kimanin rabinsu tiyata kaɗai ta ishe su. Wasu kimanin ashirin kuwa, kemo ne ke tsakaninsu da dawowar ciwon. Sauran yakan dawo musu duk da maganin, ba zan ɓoye maka wannan ba. Awon da ake yi a asibitocinmu ba ya iya nuna wa likita cikin wane rukuni kake, shi ya sa ake ba kowa. Kuma wannan dama ce mai lokaci. A watannin farko bayan tiyata maganin yake da amfani, ba a ajiye shi a ce sai baɗi.

Yanzu maganar yatsunka, wadda ita ta fi damuna, domin a yatsun nan abincin gidanka yake. Daga yadda ka kwatanta, ruwan da ake ƙara maka oksaliplatin ne, ƙwayoyin kuma kafesitabin, wanda wasu suka fi sani da Xeloda. Oksaliplatin yana taɓa jijiyoyi ta hanya biyu. Ta farko ita ce wannan jan lantarkin idan ka taɓa sanyi, wani lokaci har maƙogwaro ya riƙe in ka sha ruwan sanyi. Wannan yakan zo a kwanakin farko bayan ƙarin ruwan, ya lafa. Dabararsa ita ce ka guji sanyin: ban da ƙanƙara, ban da ruwan randa da ya kwana, alwala da ruwa mai ɗumi, in hunturu ne ka sa safar hannu da ta ƙafa. Ta biyun ita ce mindiryar da ba ta tafiya tsakanin zagaye da zagaye, wadda take hana ka riƙe allura ko ɓalle maɓalli. Wannan taruwa take yi, kowane zagaye yana ƙara ta, kuma idan aka ci gaba da zuba maganin ba a sani ba, tana iya zama tare da mutum shekaru, wani ma har ƙarshen rayuwa. Likita ba ya ganin ta a awon jini. Kai kaɗai kake jin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan ka faɗa masa, yana da hanyoyi. Yana iya rage yawan maganin, yana iya jinkirta zagaye, yana iya cire oksaliplatin ɗin gaba ɗaya ka ci gaba da ƙwayoyin kaɗai. Wannan abu ne da ake yi kullum, ba gazawa ba ce. Akwai kuma tambayar da nake so ka yi masa. A shekarar 2018 an fitar da sakamakon wani babban bincike da ya haɗa marasa lafiya sama da 12,000 daga ƙasashe da dama, aka kwatanta masu yin wata uku da masu yin wata shida. An gano cewa ga waɗanda ciwonsu bai ratsa bangon hanji duka ba, kuma kaluluwar da ya kama ba ta wuce uku ba, wata uku na irin haɗin da kake yi, wato zagaye huɗu, yana aiki kusan daidai da wata shida, kuma lalacewar jijiya ta ragu ƙwarai. Ga waɗanda nasu ya fi haka nisa, likitoci sukan fi son a cika shidan. Takardar awon naman da aka cire maka ce za ta nuna inda ka faɗa, kuma zuwan da ka yi da toshewar hanji yana cikin abin da likita zai auna. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, ni tela ne, ina cikin waɗanda zagaye huɗu zai wadatar, ko kuwa za a iya cire mini ruwan a bar ƙwayoyin?" Ka ambaci sana'arka. Likitan da ya san da allura kake ciyar da mutum takwas ba zai yi lissafinka daidai da na kowa ba.

Batun layi da jin nauyi, ka rubuta tambayoyinka a takarda tun daga gida, ka tafi da babban ɗanka ko mai ɗakinka, don kunne biyu ya fi ɗaya riƙe magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar ganin likita a kansu, ina roƙon ka ka sa a karanta wa mutanen gida wannan sashe. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa. Idan zafin jikinka ya kai 38, ko ka ji rawar ɗari, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. A tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe nawa ne, a gaya musu tun daga ƙofa cewa kana kan kemo. Kada ka sha farasitamol kafin ka auna. Haka nan idan abin da ke fita a jaka ya koma ruwa tsululu kana ta zubarwa fiye da yadda ka saba, ko bakinka ya yi gyambo har ba ka iya ci, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna zafi suna saɓulewa, ko ka ji ciwon ƙirji, ka dakatar da ƙwayoyin ka nemi likita a ranar. Kafin ka isa, ka riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari. Zafin garuruwanmu ba ya wasa da mai gudawa.

Yayyenka ƙauna ce ta sa su kawo sassaƙe, kada ka yi faɗa da su. Amma kada ka sha. Hantarka da ƙodarka suna cikin aikin tace magani mai ƙarfi, kuma da yawa daga jiƙe-jiƙen da ake bayarwa don ciwon ciki masu sa gudawa ne, ga ƙwayoyinka su ma suna sa ta. Har magungunan ƙara jini na kemis ka bari sai ka nuna wa likita, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin folik asid, wanda ke ƙara kaifin illar kafesitabin. Addu'a, tofi, ruwan zamzam, sadaka, duk ka riƙe su hannu biyu-biyu, ba su cin karo da komai. Ka tara yayyen naka ka ce musu: abin da za ku kai wa mai magani, ku haɗa mini a kuɗin zagaye na gaba. Mutum yakan kawo sassaƙe ne sau da yawa don bai san ta wace hanya kuma zai taimaka ba. Ka nuna musu hanyar. Kuma a tara kuɗin tun sati biyu kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitocin koyarwa suna da ofishin kula da walwalar marasa lafiya, ka je ka yi bayanin halinka, ka tambayi kantin maganin asibitin ko akwai wani rangwame a kan magungunan daji. Mai jinya irinka da ya kai ga sayar da kayan sana'arsa ba abin kunya ba ne ya karɓi zakka.

Sai maganar masallaci, wadda na san ita ke hana ka barci.

Sahabin Manzon Allah (SAW), Imrana bin Husaini, ya yi fama da basir, bai ji kunya ba ya je ya tambayi yadda zai yi salla. Aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Hadisin yana cikin Bukhari. Ka ga ciwon wannan wuri an kai shi gaban mafificin halitta, an kuma samu amsa. Malamai suna sanya mai jaka irin taka cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari: abin da ke fita ba da ikonka ba, a yawancin lokaci, ba ya hana ka salla, kuma najasar da ba ka da yadda za ka kauce mata an yi maka afuwa a kanta. Ka zubar da jakar in da hali, ka yi alwala idan lokaci ya shiga, ka yi sallarka. Ka samu limamin unguwarku ku keɓe ka yi masa bayani, don ka ji daga bakin malami zuciyarka ta natsu. Azumi kuwa, ƙwayoyinka sau biyu ake shan su a rana, cikin rabin awa bayan cin abinci, jikinka kuma yana buƙatar ruwa. Idan Ramadan ya riske ka kana kan magani, Alƙur'ani ya riga ya ba mara lafiya izinin ya sha ya rama a wasu kwanaki.

Wari da ƙara kuma aikin dabara ne. Jakar da ta manne da kyau ba ta wari sai lokacin da aka buɗe ta. In kana jin wari, to akwai inda take yoyo, kuma yawanci daga yankan bakin ne. Bakin hanjin yana raguwa a cikin sati shida zuwa takwas na farko, mutane da yawa kuma suna ci gaba da yanka ramin da girman ranar da aka sallame su, sai bayan gida ya riƙa taɓa fata yana cin ta. Ka sake aunawa, ka yanka ramin ya fi bakin hanjin da ɗan kaɗan, kamar milimita biyu zuwa uku. Wannan ai aikinka ne, ka fi mu iya awo da almakashi. Ka wanke gefen da ruwa zalla, ka bari ya bushe sarai kafin ka manna. Man kaɗanya yana da kyau ga tafin hannunka da ƙafarka, amma kada ya kusanci wurin jakar, maiƙo yana hana ta kamawa. Ka zubar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, kada ka jira ta cika ta yi nauyi. Sauyin jaka ya fi sauƙi da sassafe kafin karin kumallo. Idan fatar ta yi ja ko ta kwailaye, ko ka ga gefen ya kumbura ya tasa, ka nuna wa nas ɗin sashen tiyata. Kaya mai nauyi kuma, irin kan keke ko jarkar ruwa, ka bar wa yara tukuna.

Wake, ƙosai, alale, ƙwai, kabeji, ɗanyar albasa da lemon kwalba su ne manyan masu kawo iska. Ban ce ka haramta wa kanka su ba, jikinka yana buƙatar abinci mai gina shi. Ka dai lura da wanda ya fi tayar maka, ka guje shi ranar Juma'a ko ranar da za ka shiga mutane. Tuwon shinkafa, ayaba da dankali suna ɗaure abin da ke fita. Ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ka tauna da kyau. In ka ji iska za ta fita, ɗora tafin hannu a kan wurin yana rage ƙarar. Sannan ga wata baiwa da Allah Ya yi maka wadda sauran masu jaka ba su da ita: ka ɗinka wa kanka ɗamara mai laushi ta auduga mai aljihu, wadda za ta riƙe jakar a jikinka lokacin ruku'u da sujada, ka kuma gyara wandunanka mazagi ya zauna sama ko ƙasa da wurin. Idan yatsu ba su ba ka dama yanzu ba, ka zana wa yaron shagonka. A ƙarƙashin kaftani babu mai ganin komai. Ka fara da sallar Asuba ko Isha'i, ka tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Bayan sati guda za ka gane cewa mutane murnar ganin ka suke, ba sauraren cikinka ba.

Mai ɗakinka kuma, ka tambaye ta kafin ka ƙaura? Ina zargin ba ka tambaye ta ba. Ka yanke mata hukunci cewa za ta ƙyamace ka, ita kuwa wataƙila tana can tana tunanin ko wani laifi ta yi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwanciya, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko wanki. Ka zaunar da ita ka nuna mata wurin, ja ne kamar cikin baki, ba ya ciwo idan an taɓa. Na ga mata da yawa da suka fi mazajensu ƙwarewa a sauya jaka cikin sati biyu. Idan ƙarfi ya dawo, babu abin da ya hana mu'amalar aure. Sai dai ku tambayi likita hanyar da za ku bi kada a samu ciki a lokacin kemo da wasu watanni bayansa, don maganin yana iya cutar da abin da za a haifa. Kuma idan ka ga baƙin ciki ya zauna maka ya wuce sati biyu, ba barci, ba sha'awar komai, kana jin ka zama kaya ga iyalinka, wannan ma ka sa shi a takardar da za ka kai wa likita. Yana da magani.

Zaman ɗaki da kake yi yana ƙara maka gajiyar. A shekarar 2025 an wallafa wani bincike da aka jagoranta daga Kanada a kan mutum 889 masu ciwon babban hanji da suka gama tiyata da kemo. Rabinsu an sa su a tsarin motsa jiki na shekara uku, yawanci tafiya da sauri ta kamar minti 45 zuwa awa guda, sau uku ko huɗu a mako. Bayan shekara takwas, kashi 90 cikin ɗari na masu tafiyar suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 83. Ba yau za ka kai can ba. Ka fara da minti goma da yamma idan rana ta yi sanyi, daga ƙofar gida zuwa bakin layi, ka riƙa ƙarawa. Tafiya masallaci sau biyar ma lissafi ce.

Bayan an gama magani za su ci gaba da bibiyar ka har shekara biyar: awon jini da ake kira CEA duk bayan wata uku zuwa shida, hoton ciki da ƙirji lokaci-lokaci, da leƙa hanji da kyamara. Da yake cikin gaggawa aka yi maka tiyata, ka tambaya ko an riga an leƙa sauran hanjin naka gaba ɗaya, don ana buƙatar hakan kafin a yi maganar mayar da shi. Yawancin dawowar ciwon a shekara biyu zuwa uku na farko take faruwa, kuma wadda aka kama da wuri a hanta ko huhu wani lokaci ana iya cire ta. Kada jin sauƙi ya sa ka watsar da katin asibiti.

Akwai kuma saƙon da zan ba ka ka kai wa yayyen nan naka. Wanda ɗan'uwansa na jini, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Likitoci suna ba da shawarar 'yan'uwan su fara awon hanji da kyamara daga shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. A gidanku ke nan daga shekara 37, kuma 'ya'yanka su riƙe wannan lamba. Ciwon yakan fara ne da ɗan tsiro a cikin hanji wanda ake iya cirewa a lokacin awon, ba tare da an yanka ciki ba. Ana yin wannan awo a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ka tambayi yayyenka ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ko akwai mai ganin jini yana shan maganin basir. Daga bakinka za su fi jin wannan tambaya fiye da bakin kowa.

Ka je ganin likita a wannan makon, kada ka jira ranar zagaye na huɗu, don ya samu lokacin gyara maka maganin kafin a ɗaura ruwan. Ka rubuto mini abin da ya ce game da yatsun, ina jira. Ka gaishe mini da mai ɗakin naka, Allah Ya saka mata da alheri, kai kuma Ya tashi kafaɗunka.